Ƙofar da Bunyaminu Ya Hana a Taɓa

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan tasha a Bagudo ya san ƙarar ƙofar garejin Bunyaminu. Ƙofar ƙarfe ce irin ta shaguna, wadda ake naɗewa sama, kuma tun ranar da aka kafa ta ba ta taɓa buɗewa cikin mutunci ba. In an ɗaga ta sai ka ce ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Katangarmu ɗaya da shi, don haka ni na fi kowa shan wannan azaba, ni da awakina. Na yi masa ƙorafi har na gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Sambo, in kunnenka na ciwo, asibiti na nan."

Haka yake. Bunyaminu bai iya ba da haƙuri ba, bai kuma iya karɓar tausayi ba, na biyun ma ya fi ƙona masa rai. A Kurgu aka haife shi. Shan-inna ta kama shi yana ƙarami, ta shanye masa ƙafafu duka biyu. Da ya tasa, dangi suka yanke shawarar a nema masa gefen tasha ya zauna, masu wucewa su riƙa jefa masa abin da ya sawwaƙa. Tashar kuwa ya je, amma wurin masu gyaran injin ban-ruwa ya rarrafa, ya zauna yana wanke musu ƙarafa da kalanzir har suka gaji da korarsa. Yau duk manomin shinkafar da injinsa ya shaƙe, daga Lafagu har ƙauyukan tsallaken iyaka cikin Benin, shi yake fara nema.

Da guminsa ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya sa aka mayar mata da birki da totur zuwa hannu. Da ya tashi gina gida, gareji ya fara zanawa kafin ɗakin kwana. Ya yi masa ƙofa ta ciki mai ɓullawa tsakar gida, kekensa na guragu kuma yana jiransa a nan ciki, daidai inda ƙofar direba take tsayawa. Daga mota sai keke, daga keke sai ɗaki. Ya taɓa gaya mini cewa rarrafen da ya yi a titunan Bagudo yana saurayi ya ishe shi har kabari, ba mahalukin da zai ƙara ganin gwiwarsa a ƙasa a waje.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato ƙofar. Mutumin da ke zaune a mota ba ya ɗaga ƙarfe. Matarsa Rahmatu ce ke ɗaga masa, har Allah ya yi mata rasuwa. Daga nan aikin ya faɗa kan 'yarsu tilo, Hamdiyya, tun ba ta iyawa da hannu sai ta sa kafaɗa. Ko tana wanke-wanke, ko tana tsakiyar tuƙa tuwo, ko tana gidan biki a unguwa, da ta ji hon ɗin babanta sai ta saki komai. Na sha ganinta tana gudu da kumfa a hannu. Har ta zama budurwa ba ta taɓa kwana a wani gida ba, ko da na kakarta ne.

Bara sai sunanta ya fito a makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kebbi. Unguwa ta ɗauki murna, ita kuwa ta ce ba za ta je ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba, cewa kawai ta yi a bar zancen. Kowa ya san dalili, har shi uban, kuma abin ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna.

Ana cikin haka babban wansa Zayyanu ya zo daga Kurgu. Zayyanu mutumin kirki ne, irin kirkin nan da ke shaƙe mutum. Ina zaune a zaure suka yi maganar.

"Bunya, zancen ga ba shi da wuya," in ji Zayyanu. "Ɗayan ukku na. Ko ka komo Kurgu cikin dangi, ko ka yi aure, ko ɗiyar ga ta zamna. Mutum awa kai ba ya zama gida shi ɗai."

"Mutum awa ni," Bunyaminu ya maimaita a hankali. "In ɗauko ɗiyar mutane in ce mata mi? Zaka ki ɗaga min ƙarhe? Kurgu kau, ni da ita sai ziyara. Hamdiyya kuma tana tahiya makaranta, ko ta so ko ta ƙi."

"To wa za shi buɗe ma ƙohwa?"

"Ni."

Zayyanu ya dube ni, na dubi silin.

Washegari Bunyaminu ya aika aka kira Bamidele, Bayaraben da ke haɗa sola a garinmu, wanda ya daɗe a Bagudo har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya nuna masa wani bidiyo a waya: mutum yana zaune a mota, ya danna wayarsa, ƙofar gareji ta tashi da kanta. Bamidele ya sosa ƙeya ya ce shi dai a gidajen manya a Abuja ya taɓa ganin irinta, amma in an samo kayan, haɗawa ba za ta gagara ba. Bunyaminu ya sayar da shanunsa da ke kiwo a rugar Fulani, aka yi odar kaya daga Legas. Aka cire tsohuwar ƙofar, aka sa sabuwa mara nauyi, da ɗan inji a sama, da batir, da faifan sola a kan rufi, da wani ɗan akwati mai layin waya a ciki wanda shi ke karɓar umarni.

Nan fa gari ya samu abin taunawa. A wurinmu darajar maigida ita ce ya iso ƙofar gidansa ya danna hon, yara su rugo a guje, wani ya buɗe, wani ya karɓi kaya. Ƙofar da ke buɗe kanta kuwa, a idon mutane, shela ce cewa ba ka da kowa. A majalisa wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce cin mutuncin dangi ne, kamar an ce musu sun kasa. Wani ma cewa ya yi gurgu ya sayi ƙofar gwamna. Maganar ta koma kunnen Bunyaminu, ya ce a gaya wa mai ita ya zo ya gani, kallo kyauta ne. Ni dai murnata ta kunnena ce, don sabuwar ƙofar in tana tashi, ko kaza da ke kiwo a gindinta ba ta ɗaga kai.

Zayyanu ya ce shi ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa. Ranar kasuwar Lolo za su tafi tare su dawo tare, kuma kada kowa ya taɓa ƙofar. In ta buɗe, ya janye bakinsa. Hamdiyya ma a kan haka ta tsaya: in ta gani, za ta tafi. Bamidele ya ba da ɗan rimot na ko-ta-kwana, amma Bunyaminu ya rataye shi a ƙusa cikin ɗaki da gangan, wai kada a ce da taimakon wani abu ya yi. Na ce masa wannan taurin kai ne, ya ce ai ba yau na fara saninsa ba.

Ranar an yi ruwa da rana, layinmu ya zama taɓo. Bayan la'asar motar ta shigo, rabin unguwa kuma na tsaye, kowa yana yi kamar wata hidima ce ta fito da shi. Hamdiyya tana bakin zaure. Bunyaminu ya tsayar da mota a gaban gareji, ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani, ya danna.

Ƙofa ba ta motsa ba.

Ya sake dannawa. Wani ɗan da'ira yana ta juyawa a fuskar wayar, ba abin da ya faru. Ya kashe, ya kunna, ya goge fuskar da hannun riga, ya sake. Na ji wani ya yi tari irin na ɓoye dariya, raina ya ɓaci ƙwarai. Hamdiyya ta tako ta nufi ƙofar.

"Kada ki taɓa ta," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

"Baba, sau ɗai..."

"Na ce kada ki taɓa."

Ta tsaya cak, ta cusa bakin hijabinta tsakanin haƙora. Wani ya ce a kira Bamidele, aka ce yana Lafagu wurin aiki. Wasu samari biyu suka ce bari su ɗauke shi su shigar ta zaure. Kallon da ya yi musu ya sa suka tuna suna da aiki a gida. Gumi ya jiƙa masa riga. Magariba tana matsowa, ga taɓo tsakaninsa da zaure, ga kekensa a bayan ƙofar da ta ƙi buɗewa. Ya ce in ta kama, a mota zai yi salla, a mota zai kwana.

Zayyanu ya fito daga motar, ya tsaya a gaban garejin, ya juya wa ƙofar baya, ya fuskanci jama'a. Da taushin murya ya fara, abin da ya fi zagi ciwo.

"Kun dai gani. Ba don mugunta nic ce ba. Ƙarhe ƙarhe na, ba ya maye mutum. Ƙanena na, ni ka jin ciwo nai. Yau da babu ɗiyar ga a gida, kaka za a yi?"

Yana cikin wannan huɗuba na ga Bunyaminu ya ƙura wa wayar ido, ya yi wani tsaki irin wanda mutum ke yi wa kansa. Mu nan bakin iyaka kusan kowane ɗan kasuwa layi biyu gare shi a waya, na gida da na Benin. A Lolo wani manomi daga tsallake ya so turo masa hoton ƙarfen inji da ya karye, sabis ɗinmu ya yi rauni, sai ya mayar da datarsa kan layin Benin, ya manta bai dawo da ita ba. Layin Benin kuwa ba ya kawowa cikin Bagudo. Ya mayar, ya danna.

Ƙofar ta fara tashi a bayan Zayyanu, a hankali, ba ko ƙis. Mu muna gani, shi bai sani ba. Yana ta lissafa ɗakunan da ke Kurgu babu kowa ciki, yana cewa dangi rahama ne, har ƙofar ta gama naɗewa, keken guragun ya bayyana a ciki. Sai Bunyaminu ya leƙo ta taga.

"Yaya, kauce min. Gidana nika shiga."

Zayyanu ya waiga, ya daɗe yana kallo. Ya kauce. Don Allah in faɗi gaskiya, bai ƙara tayar da zancen ba, har tuwo ya ci a gidan kafin ya koma.

Daga baya na ce wa Hamdiyya ai ta sha tsoro. Ta ce ba tsoro ba ne. "Baba Sambo, tun danni na hwarko na san layin Benin na. Kullum in ya komo daga Lolo haka shika mancewa, ni ka mayar mai. Amma da na hwaɗi, to ni nib buɗe ƙohwar, ba shi ba." Yarinyar nan ta tsaya tana kallon ubanta yana gumi a gaban jama'a, amsa tana bakinta, ta haɗiye. Ban san wanda ya fi wani taurin kai a gidan ba.

Ranar tafiyarta, an riga an sa akwati a bayan mota, ina tsaye zan yi musu sallama, sai ta miƙa masa wayarta. Bamidele ya gaya mata ana iya sa abin a waya biyu, ko daga Birnin Kebbi za ta iya buɗewa, kuma duk shigarsa da fitarsa wayar za ta sanar da ita.

"Don ko-ta-kwana, Baba. Ba ni taɓawa sai in ta ƙi."

Ya mayar mata da wayar, ya dunƙule hannunta a kai.

"In na sa miki, ba ki tahi ba. Kina aji, hankalinki na ga ƙohwar ga. Kin ɗaga ta ya isa, Hamdiyya. Shiga mu tahi."

Ta yi kuka sosai, shi bai yi ba. Ya kai ta tasha da kansa, ya jira har motarsu ta tashi. Da ya dawo ina zaune a ƙofar gidana. Ya danna waya, ƙofar ta tashi, amma bai shiga ba. Ya kashe mota, ya zauna a ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya daɗe a haka. Tausayinsa ya kama ni har na miƙe tsaye. Sai na tuna ko wane ne, na koma na zauna.