Hawainiya a Gindin Randar Inna

Ranar wata Lahadi ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, rana ta take tsaka muna gonar Baba da ke gabas da ƙauyenmu, can wajen Gangara. Maza sun gama yankan gero suna ɗaure dammuna, mu kuma mata da yara muna bin bayansu muna kala, kowa bayansa ya ƙage. Na sunkuya zan ɗauki wata 'yar zangarniya a kan hanyar jakai, sai na ga abin ya juyo da ido ɗaya ya dube ni. Wayyo, tsallen da na yi! Ashe hawainiya ce, ta yi baƙi ƙirin don wahala, jaki ya take mata wutsiya, ga ciki ya yi mata nauyi ta kasa ko rarrafawa. Baba ya leƙo ya ce, "Rabu da ita, Dije, hankaki za su ƙarasa ta." Da gaske kuwa, ga su nan biyu a kan aduwa suna jira. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na kwance kallabina na rufa mata, na tura ta cikin ƙwaryar furar da muka shanye, na kifa faifai, na ɗauko ta a ka har gida kamar wadda ta samo abin arziki.

A wajenmu ba a ajiye hawainiya. An ce in ta hura maka iska fatarka za ta yi dabbare-dabbare, an ce yawunta dafi ne. Da Inna ta buɗe faifan sai ta yi salati ta ce, "Kin rasa abin da za ki kawo mini gida sai wannan? Awakin ba su ishe ki ba?" Amma Inna mace ce da aiki ya riga ya cinye mata ƙarfin faɗa, ta yi maganarta sau ɗaya ta koma kan turminta. Na ɗora ta a 'yar magariyar da ke bayan rumbu, na shafa mata man shanu a wutsiya, don shi ake shafa mana ko mene ne ya same mu. Kullum da safe, bayan na share tsakar gida na kai awaki bakin gari, sai in bi danga ina kama mata fara. Ba ta shan ruwa a kasko, sai na yayyafa a ganye ta bi tana lasa. Cikin kwanaki kaɗan ta koma kore shar. Na sa mata suna Hajiya, saboda tafiyarta ta ƙasaita: taku ɗaya, sai ta tsaya ta yi shawara.

Wanda duk ya tashi a Damargu ya san abin da ake ce wa ruwa. Rijiyarmu jaki ke jan igiyarta, sai ya yi nisa ya zama ɗan ƙarami kafin wasakin ɗiban ruwa ya leƙo. Ni da Inna muke jido, sawu biyu da safe, ɗaya da la'asar, wuyana har yau bai yafe mini ba. Randunanmu biyu ne a ƙarƙashin rumfa, an binne gindinsu cikin yashi, kuma da damina ta ɗauke, a duk faɗin gidan nan babu inda ƙasa ke da laima sai wurin. To, wata rana na dawo daga lakwal na ji muryar Inna tun daga ƙofa. Hajiya ce ta sauko daga magariya, ta ratsa tsakar gida cikin kaji, ta kama tona a gindin randar sha, har rabin jikinta ya shige. Inna na tsaye da muciya a hannu. "Ko ki ɗauke ta, ko in ɗauke ta da wannan," in ji ta. Ban ga laifinta ba, ruwan da mutum tara za su sha ne. Na jawo Hajiya daga ramin tana huci tana buɗe baki. Da na juya ta sai na ga cikin ya yi ƙulu-ƙulu kamar an ƙulle gujiya a tsumma. Nan na gane ƙwai ne, kuma wurin binne su take nema.

Tun daga ranar ta daina cin fara. Na san in ba ta sauke abin da ke cikinta ba, shi zai kashe ta, don na taɓa ganin haka ga wata kazar Inna. Sai na ce bari in yi mata tata laimar. 'Yar ƙwarya ɗaya ake ba ni ta wanka, ita nake zagayawa da ita bayan rumbu in tuttule a gindin magariya, in jiƙa fuska da ƙafa da abin da ya rage in fito. Kwana uku ina haka. Ranar na huɗu malaminmu ya jera mu yana duba farce da wuya, da ya zo kaina ya ɗaga haɓata da bakin bulala ya ce, "Ke a gidanku an yi faɗa da ruwa ne?" Aji duka aka kwashe da dariya, na sha biyar a tafin hannu. Ban damu ba. 'Yan mata na gaɗa a dandali, ina jin tafinsu, ni kuwa ina tsugune a kan hawainiya, haɓa a kan gwiwa.

A nan na yi wautar. Da ta fara tona sai in matso in zura mata ido. In rana ta taɓa ta, in riƙe mata faifai. In na ga yashi na zubo mata, in sa ludayi in kwashe. Ita kuwa da ta ji motsina sai ta tsaya cak, ta fito da baya, ta yi baƙi, ta bar ramin ta koma wani wuri ta sake farawa. Ni a zatona ƙasar ce ta yi mata tauri, har na haƙa mata wani da hannuna na cusa ta ciki, ta fito. Rami bayan rami, idanunta suka faɗa, ƙafafunta na rawa. Na gaji, ta gaji. Har tsawa na yi mata ina kuka, na ce me kuma take so in yi mata?

A haka Iya Gambo ta same mu. Kakata ce ta wajen uba, ita ce ungozomar ƙauyen, ta yi mako a wani zangon Buzaye wajen Belbeji inda aka aiko aka ɗauke ta. Ta sauka daga jaki ke nan tana jan ƙafa, ta zagayo bayan rumbu da butarta. Ta dubi ramukan, ta dubi ludayin, ta dube ni.

"Kwana nawa kina tsaye a kanta?"

"Biyar, Iya. Taya ta nake yi."

"Taya ta! Ja'ira, wa ya ce miki ana tsaya wa mai naƙuda a ka? Ke da kika zo duniya, a bakin ƙofa na zauna na ba uwarki baya, sai da na ji kukanki na shiga."

Haka ake yi a wajenmu a lokacin. Mace ta shiga ɗaki ita kaɗai ta durƙusa, ungozoma tana waje tana saurare, ba ta shiga sai in abin ya zo da gardama ko an sauka. Iya ta tuttule ruwan butarta duka a gindin magariya, ta jawo wata tsohuwar zana ta kewaye wurin, ta kama ni a wuyan hannu ta kai ni gaban turmi. Ta zube mini dami guda ta ce in sussuke, kuma in ta ga ƙafata ta nufi bayan rumbu sai ta karya ta. Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Ina daka, kunnena na can. Washegari a lakwal ban ji ko kalma ɗaya daga bakin malam ba.

Sai da la'asar Iya ta ɗage zanar ta kira ni. Hajiya ta sauka. Ta yi rami mai zurfi ita kaɗai, ta zuba ƙwanta farare ƙanana kamar wake, ta fito ta fara mayar da ƙasa, sai ƙarfin ya ƙare a rabi. Tana kwance a bakin ramin, ta lafe, ta koma launin toka. Na yayyafa mata ruwa a baki, ba ta lasa ba. Kafin awaki su dawo daga kiwo ta mutu. Na ce, "Iya, ni na kashe ta?" Iya ba mai lallashi ba ce. Ta ce, "Ƙarfin rami ɗaya gare ta, kin sa ta haƙa biyar." Sannan ta dafa kaina ta ce, "Ƙarasa rufe mata. Wannan kam aikinki ne." Na rufe da tafin hannuna, ina kuka har majina. Ko ƙwan sun ƙyanƙyashe da damina ta zagayo, Allah ya sani. Sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma ban tona ba.

Yanzu a Tanut nake zaune, a gidan haya mai daɓen siminti, Iya da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Haihuwa ma ta koma gidan likita, kuma alhamdu lillahi, matan da da za a rasa suna tashi. Watan jiya na raka 'yata Rabi haihuwar fari, aka bar ni na shiga. Kafin in ankara ina shafa mata baya, ina gyara mata zane, ina yi mata fifita, ina ce mata yi kaza, bar kaza. Ta ɗago ido jajir ta ce, "Mama, don girman Allah ki fita." Na ji zafi har cikin raina, amma na fita. Na zauna a benci na ba ƙofar baya, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, ina jin nishinta, ba mai dafa kaina. Awa uku ina nan kafin kukan jariri ya fito. Sai a ranar na san nauyin da Iya ke ɗauka tana zaune ba ta yin komai.