Malam da Kiristal ɗin Injin Saƙa

Jiya warin dalma ya buge ni a shagon mai gyaran waya, sai Malam ya faɗo mini a rai, tsohon mai gyaran lantarki na masaƙarmu a Sharada.

Shekarar da babban injin saƙa ya tsaya, manaja ya ce sai an yo odar sabon bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, daga waje, mu zauna gida wata biyu. Lokacin matata na da tsohon ciki.

Malam ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, a bari in tambayi ƙaramin tukuna."

Ƙaramin shi ne kiristal, ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake, mai ba bod bugun lokaci. Malam ya murɗa tsohuwar rediyonsa zuwa lambar da ke rubuce a jikin kiristal ɗin, ya kara ta kusa da shi. Da yana da rai, da shuuu ɗin rediyon ya ɗauke. Bai ɗauke ba.

Ya ciro wani daga gwangwaninsa ya liƙa. Kafin la'asar injin ya tashi, ƙasa na rawa a ƙarƙashinmu. Muna ta kabbara, shi kuwa ya wuce alwala abinsa.

Allah ya haskaka kabarinku, Malam, ya sa kun huta.