Jarumin Gyeong-ja Ya Ƙi Wanka

Shekara ashirin da shida Nam Gyeong-ja ta yi tana cuɗa bayan mata a gidan wankan unguwarmu a birnin Daegu. Ni ke sayar da madara mai sanyi a bakin ƙofa, kuma ina zaton na san ta ciki da waje. Mace ce da ko cokali aka ba ta sai ta sake ɗauraye shi.

Ni na ja ta cikin wasan intanet ɗin da muke yi, mu tara a ƙungiya ɗaya, muna farautar dodanni. Ta zaɓi wani ƙaton jarumi mai gatari, ta ƙware har ta fi mu duka. Ana nan sai waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka ƙaro sabon abu: jarumin da bai yi wanka ba zai yi dauɗa, ƙudaje su riƙa binsa. Kowa ya kai jaruminsa tafki ya wanke, Gyeong-ja ta ce allambaran.

Gardama ta kaure. Shugabanmu Pyo Dong-uk, mai kemis, ya ce warin na jawo dodanni. Wata ta ce ƙarya ne, ta gwada. Wani ya tambaya ko dodannin ma suna da hanci. Ni kam kaina ya ɗaure, don ban san ta ina ake jin wari a waya ba.

"Inna, maɓalli ɗaya ne fa," in ji Dong-uk. "Ya yi wanka kafin Asabar, ko ki bar ƙungiya."

"To zo ka cuɗa shi mana, sarkin tsafta!"

Na same ta wurin aiki, yatsunta duk sun yamutse da ruwa.

"Yaya, sana'arki ce fa. Me ya yi zafi?"

"Har da ke? Tun safe nake kankare dauɗar mutane. Dauɗar jarumina kuwa ni na tara ta, kowane tabo na san inda muka samo shi."

Ban gane ba, haushi ma ta ba ni. Ran Juma'a dai ta danna maɓallin, jarumi ya fito fes. Ran Asabar dodanni suka zo mana yadda suka saba, ba ragi ba ƙari.

Daga nan ba ta ƙara shiga wasan ba. Abin ya dame ni, na ce mata ai ba wanda ya kore ta.

Ta matse tsumman cuɗa, ko kallona ba ta yi ba.

"Duk wanda na wanke, tashi yake ya tafi," in ji ta. Ta juya ga matan da ke jiran cuɗa: "Sai wa?"