Likkafanin da Dikeyo Ya Ɗinka a Jirginsa

Ranar da aka haifi Dikeyo a Porto Kayo, ubansa ya hau saman benen dutsensu ya harba bindiga sau uku, don a nan yankinmu na Mani in an haifi namiji cewa ake gida ya ƙara bindiga. Uwarsa Stamata dai ta rungume abinta.

Ƙasarmu dutse ce a kan dutse. Ɗan zaitun, ɗan sha'ir, sai tsuntsayen salwa da muke kamawa mu cusa a tulu da gishiri. Wanda ya gaji da yunwa teku yake shiga. Dikeyo ya shiga jirgin kawunsa, kuma ranar da harsashin igwa ya ɗauke kawun, mutanen jirgi suka juyo suka dube shi. Shi ke nan ya zama kyaftin.

Aikinsa haƙuri ne. Sai ya laɓe bayan wani tsauni da ya kutsa cikin teku, ya jira iska ta mutu. Babban jirgin fatake ya tsaya cik kamar saniya a taɓo, su kuwa su fito da filafili su haye shi. Shekara ashirin yana haka. Bai taɓa fita ba sai Papa-Vasili, limamin cocinmu, ya yayyafa wa jirgin ruwan albarka, kuma bai taɓa dawowa ba sai ya kai wa coci mai da kakin zuma. Allah shi ya san yadda zai auna wannan.

To, wata shekara da kaka suka tare wani jirgi mai tutar daular Venis. Suka kwashi kaya a gurguje, har da wani ɗan akwati da ba su tsaya buɗewa ba. A hanya guguwa ta yaga musu babban zanen da iska ke tura jirgi da shi. Zanetto, matuƙinsa, ya fasa akwatin, ya tarar da farin yadi mai kyau, sabo fil. Suka yi faci da shi. Maza ne fa. A wurinmu namiji ba ya wanke gawa, ba ya naɗe ta, aikin mata ne. Yadi dai yadi ne a idonsu.

Da suka shigo gaɓa, Dikeyo ya ga mata a kan duwatsu kamar kullum, amma ba mai ɗaga hannu. Ko tari babu. Uwarsa ce kaɗai ta gangaro, ta tsufa, tana dogara sanda.

Ya ce, "Inna, wa ya mutu kuma? Ko kun ɗauka fatalwa ce ta dawo?"

Ta ce, "Ɗaga kanka, ɗan nan. Me ka rataya a can?"

"Faci ne."

"Dubi gefensa."

Ya duba. Ɗan hatimi ne na gicciye, ya kusa gogewa.

Ta ce, "Likkafani ne. Wata ta je Urushalima, ta tsoma shi a Kogin Urdun, ta ɗauko shi don a rufe ta da shi. Kai kuma ka shanya shi iska ta kawo ku gida a ƙarƙashinsa, ku talatin."

Zanetto ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Inna, ai ya yi aiki, ga mu da ranmu."

Ta ce, "Kai rufe min baki, mai hannun ƙaguwa. Kai ka ɗinka?"

Zanetto ya ɓoye hannunsa a baya.

A jikin akwatin an rubuta sunan mai shi. Papa-Vasili ya karanta: Marieta, daga tsibirin Tsirigo. Ya ce ba zai ƙara yayyafa wa jirgin nan ko ɗigo ba sai an mayar mata da likkafaninta, kuma hannun da ya ƙwace shi ne zai miƙa. Kowa ya san Tsirigo a hannun Venis take, kuma sun daɗe da tanadar wa Dikeyo igiya.

Dikeyo ya ce ba za shi ba. Ya warware facin, ya ninke, ya kai coci, liman ya ƙi karɓa. Ya ce zai jefa a teku, ba wanda ya yarda ya tuƙa shi. Mutanensa suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya zuwa jiragen wasu. In ya shiga kasuwa mata su janye zanensu. Likkafanin yana nan a kan kantar ɗakinsa, duk inda ya zauna sai ya ga kamar yana fuskantarsa.

Wata safiya ya tarar da uwarsa tana niƙa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na yi wa ubanka waƙar makoki kwana uku. Na yi wa kawunka. In matar nan ta shiga ƙasa ba da kayanta ba, ranar da ka mutu ba zan buɗe baki ba. Kuma in na yi shiru, ka san ba macen da za ta fara."

Mutumin da bai ji tsoron igwa ba sai ga shi ya nemi wuri ya zauna. A Mani wanda aka binne ba waƙa, kare ne aka rufe.

Ya ce, "Inna, rataye ni za su yi."

Ta ce, "Na sani." Ta ci gaba da niƙanta, hawaye na zuba cikin garin.

Washegari ya ɗauki ƙaramin kwale-kwale shi kaɗai, likkafanin a cikin rigarsa.

Kwana goma sha ɗaya shiru. Sai wani masunci ya zo daga Tsirigo, ya tsaya ƙofar Stamata yana murza hularsa. Ya ce an gane kyaftin a gaɓa yana shirin komowa, kuma an rataye shi ranar Talata a ƙofar ganuwa, ba za su ba da gawar ba.

Ta ce, "Ya sami matar da rai?"

"Da rai, Inna, amma tana kwance."

"Ya ba ta a hannunta?"

"Ya ba ta. An ce ta shafa ramukan allura, ta ce yana warin gishiri, ta sa a ƙarƙashin kanta."

Stamata ta ajiye sandarta. Ta cire ɗankwali, ta warware gashinta, ta hau kan dutsen da ke kallon Tsirigo, ta buɗe baki ta fara. Mata suka fito daga gidaje suna amsa mata.