Tagogin da Na Ɗinke

Shekarun da suka biyo bayan babban fari, duk saurayin da ke da ƙafa a Damargu arewa yake kallo. An ce a Arlit ana haƙar wani dutse, ana biyan albashi duk wata. Ni kuwa ina kasuwar Belbeji a kan keken ɗinki, ina facin wandunan makiyaya, raina kullum a dagule. Mota ba ta wucewa ban ɗaga kai ba, har sau biyu allura ta shige mini yatsa.

Cikin bazarar wata shekara wasu anasara masu binciken ƙasa suka sauka a kwarin Tarka da injin huda ƙasa. Ba su yi gini ba. Ƙarafa suka kakkafa, suka lulluɓe da tamfol, kafin kwana biyu sai ga tanti wanda babbar mota ke shiga cikinsa ta juya. A gefe ɗaya makanikai ke kwance inji cikin inuwa. A ɗaya gefen akwatuna ne jere, cike da duwatsun da suke zarowa daga ƙarƙashin ƙasa, mulmulallu kamar guntayen taɓarya, kowanne da 'yar takarda da ke nuna ramin da ya fito da zurfinsa.

Shef ɗin ma'aikatan, wani Badamagare marar yawan magana, shi ya zo kasuwa neman tela, don tamfol ya fara yagewa a inda yake gogar ƙarfe. Na ɗauki basilla da zare mai kauri na bi shi. Da ya ga facina na farko ya ja shi da hannu biyu, ya ce, "Da damina ta kama za mu tashi arewa. Can ma tantuna gare mu. In ka riƙe aiki haka, akwai wurinka a kamiyo, babbar motarmu."

Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Na sayi akwatin ƙarfe, na bi rumfa rumfa na yi sallama da 'yan kasuwa tun ba a sa ranar tafiya ba. Facin da aka ba ni ya ƙare cikin mako guda, na shiga zagaya tantin ina neman abin da zan ƙara, don kada shef ya manta da ni.

A nan idona ya kai kan tagogin. Can sama a bangon yamma, bayan akwatunan, akwai kafofi huɗu, kowace da ɗan murfin tamfol yana lilo. Ni da na tashi a ɗakin ƙasa, na san kafa a bango ruwa take kawowa. Tela kuma ba ya ganin tsaga ya bar ta. Ranar da kowa ya tafi wajen rami, na hau gangar mai na fara ɗinke su, ina ta lissafin yabon da zan sha ranar ruwan farko.

Akwai wata tsohuwa Ba'abziniya daga wajen Tenhiya da ke kawo wa ma'aikata cuku. Ta tsaya a ƙasa tana kallona, ta ce, "Tela, mi kake rufewa can?"

Na ce, "Hanyar ruwa, inna."

Ta ce, "Ƙofarsu gabas take kallo, kai kuma ka toshe bayanta. Iska baƙuwa ce, ɗana. In ta shigo ba ta ga mafita ba, da gidan take tafiya."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Inna, wannan ba tantin fata ba ne irin naku, na anasara ne."

"To," in ji ta, "iskar ma ta anasara ce?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kafa tanti tana kwancewa ita na raina, ni da ban taɓa kafa ko turke ɗaya ba.

Hadarin farko da la'asar ya taso, baƙi ƙirin daga gabas. Iska ta shiga ta ƙofa, tantin ya kumbura kamar salka. Ina ji igiyoyi na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, turaku na tumɓukewa. Sai ya ɗaga gaba ɗaya, ya ja ƙarafa, ƙarafa suka kifar da akwatuna, ruwa ya sauko a kai. Kafin a ɗauke, takardun sun jiƙe sun dame, duwatsun rami kaza sun gauraye da na rami kaza. Aikin bazara guda ya koma tsakuwa.

Mun tsinto tamfol a kan wata aduwa, ya yayyage ta ko'ina. Wuri ɗaya ne bai ɓalle ba, ɗinkina. Shef ya bi zaren da yatsa, ya dube ni.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, shef."

"Ɗinki ka iya, malam tela. Tambaya ce ba ka iya ba."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ranar da suka tashi, ya sa aka jefo mini guntun tamfol ɗin daga saman mota, ya ce in yi rumfa. Na koma Belbeji da akwatina, 'yan kasuwa na yi mini barka da dawowa daga Arlit, ni ko kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Zafin nema dai ba ya kawo samu.

Ban taɓa taka Arlit ba. Guntun ya zama bangon rumfata, kuma ɗaya daga cikin tagogin na jikinsa. Na sa reza na warware zarena da kaina. Shekara goma sha ina ɗinki a gindinta, iska na shiga tana fita abinta, ta nan kuma nake hango motocin da suka nufi arewa.