Sunan Ɗan Fari a Gaban Kanta

Cikin duk ranakun da na yi sanye da kakin ɗan sanda, akwai guda da har yau ba ta bar ni ba: ranar da wani tsoho ya tsallako ruwa neman ɗansa. Ku da kuka shigo aiki bayanmu kuna cewa Sufeto Umaru ya cika faɗa idan ya ji ana zolayar mutum a gaban kanta. To, ku zauna ku ji inda faɗan ya samo asali.

Lokacin ina kofur, mai igiya biyu, a wani ƙaramin ofishinmu da ke gaɓar tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Warra. Ni kaɗai ne Bafulatani a wurin. A ruga aka haife ni wajen Shanga, kawuna ya ɗauke ni ya sa ni boko a Yelwa, daga nan na faɗa aikin nan. Abokan aiki suna kirana Agwai, sunan da ake tsokanar Fulani da shi. Wasa ne, in ji su, ni ma nakan yi dariya, don in ban yi ba sai a ce ban san wasa ba. Amma idan ana shirya fita kame na shigo, sai kowa ya yi tsit. Idan kuma na je ruga gaisuwa, su ma sai su yi tsit, a koma maganar ruwan sama da ciyawa. Iyalina suna Yelwa, ni ina ɗakin haya a bayan masallaci, daga ni sai rediyo. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ba zan ɓoye muku ba.

A daminar shekarar 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye a kan tudu, suka kashe manomi guda, suka tafi da matarsa da wasu mutane. Gari ya ɗauki zafi. Da ranar kasuwa ta zagayo, 'yan sa-kai da wasu mutanenmu suka shiga kara, wato inda ake cinikin shanu, suka tattaro duk saurayin da suka gani da sanda da malafa. Aka zuba su a bayan kanta, ɗakin da muke tsare mutane kafin a kai su gaba. DPO, shugaban ofishinmu, ya ga abin ya yi yawa, sai ya kafa ƙa'ida. Duk wanda ubansa ko ardonsa ya zo ya nuna shi, ya faɗi sunansa daidai da wanda ya ba mu, a ba da belinsa. Sauran kuwa mota za ta kwashe su zuwa hedikwata gobe bayan la'asar. Kun san abin da wannan ke nufi. Wanda ya hau motar nan ba shi da kowa a birni, sai dai a riƙa jin labarinsa.

Washegari aka kira taron sulhu a ɗakin taro na makarantar firamare. DPO ya tafi da ni don in yi wa ardo-ardo tafinta. Na ɗauka maganar yaran da ke tsare za a yi, ashe gardamar suna za a kafa.

Wani malamin makaranta ne ya fara. Ya ce su ba Gungawa ba ne a bakinsu, Reshe suke. "Tun da ruwan dam ya ci gungayenmu anka tashe mu, babu sauran gungu, sai sunan ya rage ana jifarmu da shi." Wani matashin Bafulatani mai aikin allurar dabbobi ya karɓe. "In ɓarawo Bahaushe na, sai a ce ɓarawo. In Bahillace na, sai a ce Hillani. Daga baki abin ka farawa kahin shi kai ga igiya." Ya nemi a hana 'yan sanda da masu shela ambaton ƙabila idan an yi ɓarna.

Sai wata Bakambara mai sayar da busasshen kifi ta miƙe, ba tare da an ba ta dama ba. "Ni ku kira ni abin da kunka ga dama. Ku dai ɗauke shingen ga na bakin kasuwa, inda aka sauke mu ana zazzage muna kaya wasu na wucewa." Malamin ya ce mata ai raini ne ya kafa shingen, kuma daga suna raini ke fitowa. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin suna ya zubar mata da kifi a ƙasa ba. Aka yi dariya. Dariyar ta mutu da yayan manomin da aka kashe ya tashi. "Ƙanena na cikin ƙasa, matatai na daji, ku kuna nan kuna gardamar suna."

Kowa a ɗakin nan yana da gaskiyarsa, kuma abin da ya gajiyar da ni ke nan. Ina juya magana daga Hausa zuwa Fulatanci har maƙogwarona ya bushe, amma ba wanda ya tuna akwai motar da za ta tashi bayan la'asar. Ana cikin haka wani kurtu ya leƙo ya yafito ni. Wai in zo ofis, ga wani tsoho da Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba.

Na same shi a tsaye a gaban kanta, dogo, siriri, bakin wandonsa jiƙe da ruwan kwale-kwale. Sunansa Sambo, daga wata ruga a tsallaken ruwa. Ya ajiye sandarsa da takalmansa a ƙofa kamar mai shiga masallaci. Na gaishe shi da Fulatanci, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambaye ni ni ɗan wace ruga ne, har ya ce ya san kakana a mashayar shanu. Na daɗe rabon da wani ya yi murna da ganina haka a garin.

Wanda ke riƙe da ofis ranar shi ne Sufeto Lawal. Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai ƙwazo, kuma bai daɗe da binne abokinsa da aka yi wa kwanton ɓauna a hanya ba. An kuma taɓa yi masa ƙaryar uba aka fitar da wani. Ya sa aka fito da samarin aka jera su a jikin bango. Tsoho bai ɗaga kai ba. Ya dai nuna da haɓa wajen wani mai kamar shekara ashirin da 'yan kai, wanda leɓensa ya kumbura. Shi ma saurayin ya sunkuyar da kai ƙasa.

"Ɗanka na?" in ji Sufeto.

Na fassara. Tsoho ya ce, "Yaron gidanmu ne."

"Mi as sunanai?"

Nan tsoho ya yi shiru, ni kuwa na gane. Ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama kusa da shi, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna mutum. Tsohon nan tun ranar suna bai taɓa furta sunan ba.

Na ƙame na sara wa Sufeto, na ce, "Yallaɓai, ɗan fari na, alkunya shika yi." Ya ce, "Na sani, Agwai. Ni ma ɗan fari ni ke, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma nan ofis na, ba ruga ba."

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai. Da jahilci ne da sai in yi bayani a wuce wurin. Amma duk wanda ke ɗakin nan ya san al'adar, a gidajensu ma ana yin ta. Da wani dattijon gari ne ya zo da babbar riga, da tuni an ce, "Haba Baba, mun gane," an kawo masa kujera.

Tsoho ya nemi hanya. Ya ce in gaya musu yaron mai sunan Annabin da ya gina Ka'aba ne. Kowane yaron makarantar allo ya san amsar, kuma ta yi daidai da sunan da saurayin ya ba mu. Sufeto ya ce shi ba kacici-kacici ya zo yi ba. Na ce to a bar ni in tsaya masa, ni ma'aikaci ne. Ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai ka tsaya mai? Ai ku duka ɗaya ku ke." Kuratan suka yi dariya. Na fusata ƙwarai, amma mai igiya biyu ba ya ɗaga wa sufeto murya, sai dai ya haɗiye.

Na ruga makaranta in samo DPO. Na tarar an rufe ƙofa, manya sun keɓe suna tsara matsayar taro, mai gadi ya ce an hana kowa shiga. Ardon da na samu a waje ya ce shi bai san mutanen tsallake ba, ba zai sa wuyansa ba. Kafin in dawo an kira la'asar, mota ta juyo da baya ta tsaya a ƙofar ofis, an fara ɗaura wa samarin ankwa biyu-biyu.

Ni ne na durƙusa a gaban tsohon. Na ce, "Baba, in ya hau motar nan ban san ranar dawowarsa ba. Ka faɗa. Allah ya ga dole ce." Ya dube ni ya daɗe, irin duban da ake yi wa wanda aka ɗauka ɗan gida ne. Ya ce matar yaron tana da tsohon ciki. Ban san ko da ni yake ba ko da kansa.

Sai ya juya ya fuskanci bango, ya ba ɗansa baya, ya faɗa a hankali.

"Ban jiya ba," in ji Sufeto.

Tsoho ya ɗaga murya har ta fashe. "Ibrahima."

Saurayin ya ɗora hannuwansa masu ankwa a kan fuskarsa, har ya jawo hannun wanda aka haɗa su tare, ya fashe da kuka kamar an yi masa mutuwa. Dukan da ya sha a kara bai sa shi hawaye ba. Sufeto ya kawar da kai ya ce a kwance shi. Na cika takardar beli, tsoho ya dangwala yatsa, mota ta tashi da waɗanda ba wanda ya zo nemansu.

Ba a jima ba DPO ya dawo da fara'arsa, ya tara mu ya karanta matsayar taro. Daga yau ba a ambaton ƙabilar wanda ake zargi, ba a cewa Gungawa, kuma ya ji ana kiran kofur ɗinsa da wani suna, a daina. Maganar shinge an kafa mata kwamiti. Aka tafa. Kuma gaskiya an daina ce mini Agwai. Sai dai daga ranar an daina kirana cin tuwo a gindin mangwaro, wai kada a yi kuskuren baki in kai ƙara.

Na nemi izini na bi su tashar jirgi, don in tabbatar 'yan sa-kai ba su sake tare su ba. Uban yana gaba, ɗan yana can baya da nisa, ba mai kallon wani. Masunta suna ta harhaɗa koma, mata suna wanke kwanuka, ba wanda ya san abin da ya faru. Tsoho ya zauna a goshin kwale-kwale, ɗan ya zauna a ƙarshe kusa da mai tuƙi. Na matsa bakin ruwa na yi wa tsohon sallama da Fulatanci, na ce Allah ya sauki matar lafiya, a gaida mutanen ruga.

Ya dube ni, ya amsa da gurguwar Hausarsa: "Sannu da aiki, ɗan sanda."

Na tsaya a wurin har jirgin ya zama ɗigo a kan ruwa. Sannan na koma ɗakina, ban ko kunna rediyo ba.

Har yau idan aka tambaye ni wa ya fi gaskiya a taron nan, mai maganar suna ko mai maganar shinge, nakan ce ban sani ba. Malamin bai yi ƙarya ba, don na ga yadda kalma guda ta hana a karɓi shaidata. Mai kifi ma ba ta yi ƙarya ba, don an gyara bakinmu amma motar ta tafi a cike. Abin da na sani shi ne, a aikin nan ƙa'ida ɗaya ce a takarda, amma hannun da ke riƙe da ita yana sassauta wa wanda ya ga dama. Ranar ba a karya doka ko guda ba, an kuma saki yaron. Duk da haka mun karɓe wa tsohon nan abin da babu ofishin da zai iya mayar masa.

Saboda haka idan mutum ya tsaya a gabanku ya kasa faɗin wani abu, kafin ku daka masa tsawa ku tambayi kanku: da mahaifinku ne, da kun gane? Ni dai na yi shekaru ina leƙa kara duk ranar kasuwa ko zan ga Sambo, ya amsa mini gaisuwa da harshenmu ko sau ɗaya. Ɗan nasa na gani, yana saɓe da yaro a kafaɗa. Ya ce tun daga ranar Baba bai sake tsallako ruwa ba.