Sai An Gaida Kawu Kafin A Ga Iri

Shafin intanet na farko da na gina na ƙungiyar manoman garinmu ne a Gwaram, kuma kawuna ne shugabanta. Abin da manomi ke nema na jera a sama: iri, taki, ranar rabo. Kana dannawa ka isa.

Kawu ya duba, ya haɗe rai. "Kai, yaushe aka fara shiga gida ba a gaida masu gida ba?"

Dole na sake. Yanzu sai ka wuce hotonsa da jawabinsa, ka wuce na mataimaki da na ma'aji, kowa bisa girmansa, kafin maɓallin iri ya leƙo can ƙasa. Ko irin gero ka bincika a intanet, hular Kawu ce ke fara fitowa.

Ran kasuwar Sara wani dattijo ya miƙo mini wayarsa. Sabis babu ƙarfi, hoton Kawu ya buɗe daga hula zuwa gira, ya tsaya cak.

"Ɗana, wai ina irin yake?"

Na san inda yake sarai, ni na danne shi da hannuna. Gyaran ba wuya. Amma a gidan Kawu nake cin tuwo.